Bugunsa na da kyau a atisaye, a gasa ana cinye shi: riƙo zan gyara ko dabara?

Koci_Hotoro:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Akwai abin da ya tsaya min a rai tun ranar Asabar, na ce bari in kawo shi gaban manya. Shekara huɗu ke nan ina koya wa wani yaro tanis, yanzu yana da sha uku. Idan na tsaya da kwando ina jefa masa ƙwallo sai ka tsaya kallo. Fohan ɗinsa, wato bugun da yake yi ta ɓangaren hannun da ke riƙe da raket, na fita da murɗi, ƙwallo ta haye raga da tazara ta nutse dab da layin baya. Ranar Asabar muka je wata 'yar gasa ta yara, aka haɗa shi da wani yaro da ko riƙon raket bai gama iyawa ba. Aikinsa kawai ya tare ƙwallo ya cilla ta sama, ko ya yanko ta ta zo tana jan ciki. Ya cinye nawa 6-2, 6-1. Yarona ya fito yana kuka, mahaifinsa na tsaye yana kallona.

Abin da na lura shi ne riƙonsa ya zarce. Tafin hannun ya koma can ƙarƙashin mariƙi, irin wanda ake kira westan, don haka duk ƙwallon da ta zo ƙasa da gwiwa a raga take ƙarewa. In rushe riƙon nan mu sake gini, ko in ƙyale shi in koya masa dabarar wasa? Ina tsoron in taɓa hannun in ɓata masa abin da yake da shi.

Tsohon_Bolboi:
Wa alaikumus salam Koci. Kafin in ce komai, sau nawa yaron nan yake buga cikakken set (zangon wasa guda, irin 6-2 ɗin nan) a mako, da ƙirga maki, da wani yaro a wancan gefen wanda yake son ya kayar da shi?

Koci_Hotoro:
Gaskiya Baba, bai fi sau ɗaya a wata ba. Awa ɗaya muke samu a fili, ni kuma ina ganin asara ce in bar su suna wasa alhali akwai bugun da ban gama gyarawa ba.

Tsohon_Bolboi:
To ka ga inda gizo ke saƙar. Ƙwallon kwando mai biyayya ce. Kai ne ka jefa ta, kana son ya buge ta da kyau, sai hannunka ya riƙa kai masa ita daidai ƙugu ba tare da ka sani ba. Abokin karawa kuwa ba masoyinsa ba ne. Sama da kai zai kai masa, ko ƙasa da gwiwa, ko inda sai ya yi gudu.

Mu da tsintar ƙwallo muka fara a Kaduna, muna yara. Manya na tashi da magariba sai mu ɗauko fallen katako da muka sassaƙa mu ci gaba da tsofaffin ƙwallayen da suka yar, waɗanda gashinsu ya ƙare. Ba wanda ya taɓa tsayawa da kwando a kanmu. Bango ne malaminmu na farko, na biyu kuma yunwar ci, domin wanda aka cinye shi ne zai share fili gobe. Bugunmu ba shi da kyan gani, amma kafin mu kai sha biyar mun san wane ne ba ya son ƙwallo a hagunsa, wane ne yake fushi idan ka ɗaga masa sama sau uku a jere. Yaronka ya iya bugu, bai iya wasa ba tukuna. Kada ka taɓa hannunsa yanzu.

Koci_Gwarinpa:
Baba ku yi haƙuri, a nan zan ɗan saɓa muku. Maganar buga set gaskiya ce, amma riƙon ma matsala ce, kuma kullum ƙara tauri take. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Pete Sampras yana wajen shekara sha huɗu kocinsa Pete Fischer ya sa ya bar bakhan (bugun bayan hannu) na hannu biyu ya koma hannu ɗaya. Ya sha kaye a hannun yaran da a da yake lallasawa, amma daga baya ya ɗauki manyan kofuna 14, bakwai a Wimbledon. Sha uku lokaci ne mai kyau. Idan aka bari ya kai sha bakwai an makara.

Yar_Samaru:
@Koci_Gwarinpa misalin Sampras kullum shi ake kawowa, amma ba a ƙirga yaran da aka canja wa riƙo suka ajiye raket gaba ɗaya. Kuma wa ya ce westan ba ya ɗaukar ƙwallon ƙasa? Iga Swiatek da shi take bugawa. Ta ci gasar Roland Garros ta Faransa sau huɗu, mutane suka ce ai jar ƙasa ce, ƙwallo na tashi sama. To a 2025 ta ci Wimbledon a kan ciyawa inda ƙwallo ke sulɓewa ƙasa, wasan ƙarshe 6-0, 6-0. Ku kalli yadda take durƙusawa kamar za ta zauna a fili. Da gwiwa take sauka wurin ƙwallon. Ina kyautata zaton yaron Koci a tsaye ƙiƙam yake bugu.

Wani abu kuma da ya ɗan sosa min rai, Koci ka ce wancan yaron bai iya riƙe raket ba. Ni irin wasansa na yi duk zamana a jami'a, kuma na sha jin wannan maganar daga waɗanda na kayar. Yaron nan ya kalli naka, ya gano abin da ba ya so, ya yi ta ba shi har aka tashi. Wannan ai ita ce dabarar da kake tambaya a kai.

Koci_Hotoro:
Kin yi gaskiya Hajiya, na karɓi gyara. Zafin kayen ne ya sa na faɗi haka.

MamanIkram:
Don Allah ku taimaka wa irinmu iyaye da ba mu san wasan ba. Mene ne westan, kuma me yake sa yaro ya riƙe haka tun farko? 'Yata shekararta bakwai, watanta biyar da farawa, kada mu ma mu faɗa ciki.

Koci_Gwarinpa:
@MamanIkram mariƙin raket fuska takwas gare shi, kuma inda gindin ɗan yatsan nuni ya zauna shi ne sunan riƙon. Ni ga yadda nake nuna wa yara. Ki riƙe raket kamar za ki kafa ƙusa da gefensa, wannan riƙon guduma ne, da shi ake sabis (bugun fara wasa) da boli (tarar ƙwallo a iska) da yanka. Ki miƙa masa hannu kamar za ku gaisa, wannan istan ne, irin na Federer. Ki ajiye shi kwance a ƙasa ki ɗauka kamar kasko, kin samu rabin westan, wanda yawancin ƙwararru suke kai yanzu. Idan hannun ya ƙara juyawa ƙasa daga nan, shi ne cikakken westan.

Dalilin kuwa sau da yawa ba laifin yaro ba ne. Ƙwallon manya mai ruwan ɗorawa, idan aka sake ta daga tsayin santimita 254, ƙa'ida ta ce ta tashi tsakanin 135 da 147. Yarinya 'yar shekara bakwai fa? Ƙwallon wajen fuskarta take zuwa ko sama da kanta. Dole hannu ya nemi hanyar da zai rufe ta daga sama, sai ya zame ƙarƙashin mariƙi. Shi ya sa hukumar tanis ta duniya ITF ta fito da tsarin ƙwallaye masu laushi, kuma tun 2012 ta hana yin gasar 'yan shekara goma zuwa ƙasa da ƙwallon manya. Ja ce ta farko, a ɗan ƙaramin fili mai tsawon kamar mita 11. Sai mai ruwan lemo a fili mai mita 18, sannan mai kore a cikakken fili. Ki duba da wace ƙwallo ake koya mata, kuma kada a ba ta raket ɗin manya mai inci 27. Na inci 21 ko 23 ya ishe ta.

MamanIkram:
Ikon Allah. Da ta manya suke yi, raket ɗin ma na babanta ne. Na gode ƙwarai Malam, gobe zan yi wa mai koya musu magana.

Koci_Hotoro:
Ni ma da ta manya na fara masa, don jajayen ba sa samuwa a kusa da mu, in an samu kuma kuɗinsu ba na wasa ba ne. Ashe ni na gina riƙon da nake kuka da shi.

Malam_Lissafi:
Ni ba koci ba ne, malamin makaranta ne mai buga wasa da yamma, amma bari in kawo abin da ya canja min wasa. Tsawon fili mita 23.77 ne, faɗinsa a wasan mutum ɗaya 8.23. Idan ka buga daga kusurwa zuwa kusurwar da ke karkace da ita, tsawon ya haura mita 25 kaɗan, wato ka samu ƙarin kusan mita ɗaya da rabi kyauta. Raga kuma a tsakiya santimita 91 da ɗoriya ce, a wajen turaku 107. Bugun karkace ta wurin da raga ta fi gajarta yake bi, ya sauka inda fili ya fi tsawo. Bugun bin layi kuwa raga mai tsawo, fili gajere, sannan ka bar wa abokin karawa kusurwa a buɗe. Yara ba a gaya musu wannan. Suna ganin ƙwararru a talabijin sun bi layi an tafa, sai su ɗauka haka ake yi kullum. Koci, ka duba kurakuran yaronka nawa ne suka faru lokacin da ya canja wa ƙwallo hanya yana cikin gudu.

DanJos_Rayfield:
Ƙari a kan na Malam, fili ma yana da nasa hali. Mu nan Jos muna kan tudu wajen mita 1,200, iska ba ta da nauyi, ƙwallo na tashi ta zarce layi. Baƙi daga Legas kan yi kwana biyu suna zubar da ita waje kafin hannunsu ya zauna. A nan mai murɗi irin yaronka shi ne sarki. Ka kawo shi hutu ya buga da yaranmu, zai ga amfanin hannunsa.

Abu_Hanan:
A lokacin hunturu kuma ƙura kan kwanta a filin siminti, ƙwallon yanka sai ta riƙa zamewa ba ta tashi. Koci an share filin kafin wasan kuwa?

Baba_Mai_Ritaya:
Ina ta karanta ku, sai yarinyar Samaru ta tuna min wasan ƙarshe na Wimbledon na 1975. Jimmy Connors ne mai riƙe da kofi, matashi, ba wanda yake jure ƙarfin bugunsa, kuma kowa ya ba shi wasan. Arthur Ashe ya girme shi da kusan shekara goma, kuma shi ma asalinsa mai bugu da ƙarfi ne. Ran nan sai ya ajiye ƙarfin. Ya riƙa ba Connors ƙwallo mai laushi, ƙasa-ƙasa, a gefen fohan, yana jan sa waje da sabis mai lanƙwasa, in ya matso raga ya ɗaga masa sama. Connors mai son a ba shi wuta ne ya mayar, sai aka hana shi wutar. Aka tashi 6-1, 6-1, 5-7, 6-4. Abin da aka yi wa yaronka ke nan, Koci, kuma wanda aka yi wa a wancan lokacin shi ne na ɗaya a duniya. Ka gaya masa haka, zai rage jin kunya.

Amma ku lura da abu ɗaya. Ashe ya iya yin haka ne domin yana da yankan da lob ɗin (ɗaga ƙwallo sama) a hannunsa. Dabarar da hannu ba zai iya aiwatarwa ba zance ce kawai. Shi ya sa ban yarda a raba su gida biyu ba.

Tsohon_Bolboi:
Allah ya ƙara lafiya Yaya. Ashe ɗin nan ai ya zo Legas a Fabrairun 1976, makon da aka kashe Janar Murtala. Yana tsakiyar wasa sojoji suka shigo fili suka kore su.

Dan_Garwa:
Mu ma a Kamaru muna da rabonmu a wurinsa. A Yawunde ya ga Yannick Noah a 1971, yaro ɗan shekara goma sha ɗaya, ya yi masa hanya zuwa Faransa. A 1983 Noah ya ci Roland Garros.

Abu_Hanan:
Kuma a wannan shekarar ta 1983 Nduka Odizor namu ya kai zagaye na huɗu a Wimbledon. A 1988 shi da Tony Mmoh da Sadiq Abdullahi suka wakilci Najeriya a gasar Olamfik ta Seoul. Abin da ke damuna shi ne yaran da ke zuwa kallon gasar Dala Hard Court a Kano Club yau, da yawansu ba su taɓa jin sunayen nan ba.

Admin_Zaure:
Tarihi ya yi daɗi, kuma ya cancanci a buɗe masa nasa zaren. Amma Koci na jiran abin da zai yi ranar Litinin da yamma. A dawo kan yaro.

Mai_Gashin_Ƙashi:
Ta ɓangaren aikina zan yi magana. Duk wanda ya ci gardamar nan, a kula da wuyan hannu. Cikakken westan na ɗora nauyi a gefen ƙaramin yatsa, musamman in yaro da hannu kaɗai yake neman ƙarfi. Ƙarfin bugu daga ƙasa yake tasowa, ƙafa ta tura, ƙugu ya juya, kafaɗa ta biyo, hannu ne na ƙarshe. Ɗan shekara sha uku kuma yana cikin girma, ƙashi na tsawo da sauri fiye da yadda jijiya ke sabawa, har ka ga yaron da ya iya bugu bara bana yana ta kuskure. In za a canja riƙo, kada a yi da ƙwallon manya ana buga ɗari biyu a rana. A koma mai kore, a rage yawa, in ya ce wurin na zafi a tsaya. A duba zaren raket ɗin ma, masu taurin nan na roba ba na yara ba ne.

Koci_Gwarinpa:
Na yarda da wannan. Kuma don kada a fahimce ni a baibai, ban ce a mayar da shi istan ba. Fuska ɗaya tak za a matsar, daga cikakken westan zuwa rabi. Ina sa ɗan ɗigon fenti a mariƙi inda gindin yatsa zai zauna. Mako biyun farko daga layin sabis kawai, a hankali, ni ina sakar masa ƙwallo da hannu. Sannan ba a yin wannan aikin ana saura wata ɗaya gasa. A zaɓi lokacin da ba komai a gaba, a gaya wa mahaifinsa tun farko cewa wasan zai lalace kafin ya gyaru, domin uba ne yake fara karaya, ba yaro ba.

Yar_Samaru:
Ni dai har yanzu ina kan bakana. Kafin a taɓa riƙo a gwada wata biyu na ƙafa. Ɗan tsallen shiri daidai lokacin da abokin karawa zai taɓa ƙwallo, ƙananan taku na gyara tsayuwa, da sauka da gwiwa. Sannan a koya masa yanka da riƙon guduma, don ƙwallon da ta yi ƙasa sosai ya mayar da ita da yanka ya jira wata. Wanda ke ɗaga maka ƙwallo sama kuma maganinsa biyu ne. Ko ka shigo ka tare ta a iska kafin ta faɗi, ko ka ajiye masa gajeriya dab da raga ka jawo shi gaba, don irinmu mun tsani raga. Ons Jabeur ta Tunisiya da wannan ajiyar ta kai wasan ƙarshe na Wimbledon sau biyu, 2022 da 2023. Na gaya muku sirrinmu kyauta.

Matashi_07:
Ni shekarata sha shida, ina jin kunyar magana cikin manya amma abin nan ya taɓa faruwa da ni. Ba hannu ne yake lalacewa ba. Idan aka ɗaga maka ƙwallo sama, lokacin jira ya yi yawa, sai ka fara tunanin mutane na kallo, kuma wai dole ka kashe ta tunda mai sauƙi ce. Kafin ta sauko hannunka ya yi tauri. Abin da ya taimake ni, kocina ya sa ni buga set da sharaɗin ba ni da izinin kashe ƙwallo sai na mayar da biyar. Na ji haushi sosai da farko.

Tsohon_Bolboi:
Yaro ka fi mu duka faɗin gaskiya. Allah ya yi maka albarka.

Malam_Lissafi:
Ba wanda ya tambayi sabis ɗinsa. A wasan ƙwararru ma mafi yawan maki cikin bugu huɗu na farko suke ƙarewa, wato sabis, mayarwa, da bugu ɗaya-ɗaya bayansu. Mu kuwa sai mu cinye minti hamsin a doguwar musaya, a bar wa sabis minti biyar na ƙarshe lokacin da yaro ya gaji.

Koci_Hotoro:
Jama'a na gode, Allah ya saka. Jiya da dare mahaifin yaron ya turo min bidiyon da ya ɗauka da waya, set na biyu gaba ɗaya. Na zauna da biro da takarda ina yin alama a kan kowane maki, abin da ban taɓa yi ba. Abin da na gani ya bambanta da abin da na zo da shi.

Ƙwallon ƙasa ta ci shi, amma ba ita ce ta fi yawa ba. Mafi yawan asarar a kan waɗanda aka ɗaga masa ne. Yana ja da baya har kusan shingen waya na bayan fili, ya bar ta ta tashi sama da kafaɗa, sannan ya nemi kashe ta daga can, kuma kusan kullum bin layi, kamar yadda Malam_Lissafi ya yi hasashe. Sai sabis na biyu. Na kunyata da na ga ashe idan ya ji tsoro yana sakin riƙon guduma ya koma na kasko ya tura ta kawai, kuma sau uku ya zubar da biyun a jere. Ɗan tsallen shirin da Hajiya ta ambata kuwa, a gem biyun farko (ƙananan zagaye biyu na farkon set ɗin) kaɗai na gan shi. Akwai wurin da ya juyo ya kalle ni bayan ya zubar da wata, ni kuma a bidiyon ina nuna masa yadda zai juya hannu. Yaro na nutsewa ina masa maganar hannu.

Koci_Gwarinpa:
Wannan zaman da ka yi da biro ya fi wata guda na kwando. Amma ka ajiye maganata, ranar da ya fara haɗuwa da 'yan sha shida masu yanka da gangan, riƙon nan zai dawo maka.

Baba_Mai_Ritaya:
Zai yiwu ya dawo, zai yiwu kuma yaron ya matsar da shi da kansa idan ya fara shigowa cikin fili yana tarar ƙwallo da wuri. Na ga hakan ba sau ɗaya ba. Koci, ka nuna masa bidiyon, amma kada ka yi magana. Ka ba shi biron ya ƙirga da kansa.

Koci_Hotoro:
In sha Allahu haka zan yi, Baba. Riƙon zan ɗaga masa ƙafa zuwa bayan gasar da ke gabanmu, sannan in nemi Koci_Gwarinpa a waya mu duba shi tare. Awa ɗayan nan zan raba ta, sabis da mayarwa a farko, kwando kaɗan, rabin ƙarshe wasa da ƙirga maki. Na kuma samo lambar mai koya wa yaron da ya cinye mu, ya yarda su riƙa haɗuwa duk Alhamis. @Matashi_07 sharaɗin bugu biyar ɗin nan, har da sabis da mayarwa ake ƙirgawa, ko daga bayansu ake farawa?

Matashi_07:
Daga bayansu Koci. Kuma in ya kashe kafin biyar, ko ta shiga, makin na ɗayan ne.